Kwalin da Ke Cikin Gwangwanin Yaji

Inno ta gaji, gajiyar da ko barci ba ya sauke ta. Wata huɗu ke nan tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mijinta, Malam Ɗanbaba, mutumin da ya shekara talatin yana koyar da Turanci a firamare a Bunkure. Bakin da yara ke tsoro, yau ko "ruwa" ba ya iya cewa.

'Yarsu Surayya, da ke aure a Kumbotso, ita ta kawo dabarar. Ta yayyanka kwalin taliya, ta rubuta harafi ɗaya a kan kowane yanki, ta hargitsa su.

"Inna, wasan da yake ba mu a aji ke nan. Kullum ki zube masa su a faranti. In ya jera su suka ba da kalma, ba giɓi, to Baba yana nan da hankalinsa."

Inno ba ta yi boko ba, amma ta riƙe "ba giɓi" gam.

Kullum da hantsi sai ta jingina shi da bangon rumfa, ta ajiye farantin a cinyarsa. Da hannun hagu yake turawa, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sai ya ajiye biyu nan, biyu can, ya bar fili a tsakiya, ya dinga ƙwanƙwasa filin da yatsa yana kallonta.

"Haba Malam, haɗe su mana!"

Ta matso da su, ya sake raba su. Ta matso, ya raba. Wata rana har ya ture farantin, ta kwashe tana ƙunƙuni. Wallahi abin ya ishe ta, ga wanki, ga juya shi, ga wannan wasan yara da ba ya ƙarewa.

Ga kuma Jaji, ƙanin Malam, mutumin da bai taɓa zuwa dubiya da ko lemo ɗaya ba. Kullum yana tsaye a bakin zaure.

"Yaya Inno, an kusa sako ruwa a kanal. Gonar ranin nan ba za ta zauna haka ba. Tun da kan Yaya ya tafi, a bar min ita kawai."

"Wa ya ce maka kansa ya tafi?"

"To, ya jera abin?"

Inno ta juya ta koma cikin gida. Ta san in Jaji ya dasa tumatir a gonar nan sau ɗaya, an gama. Abin da ya fi ci mata rai, ita ma ta fara yarda da maganarsa.

Rana ta tara, ranar kasuwa, Surayya ta zo. Jaji ma ya shigo, wai a yi ta ta ƙare. Aka ajiye farantin. Malam ya tura biyu nan, biyu can, ya ƙwanƙwasa tsakiya.

"Kun gani ko?" in ji Jaji.

Surayya ta leƙa, ta ɗago kai. "Inna, ina na biyar ɗin? Biyar na yanka."

Sai Inno ta tuna. Tun washegarin da aka kawo su cokalin yajinta ya ɓace, ta ɗauki yanki ɗaya tana ɗiba da shi. A ganinta ai kwali kwali ne, ga saura nan har huɗu.

Ta shiga madafi ta zaro shi daga gwangwanin yaji, ya yi ja wur. Ta miƙa wa Malam. Bai ko tsaya juya shi ba, ya ɗora shi a filin nan.

"WATER," Surayya ta karanta. "Ruwa ke nan, Inna."

Malam ya ɗaga yatsa ya nuna randa, sannan ya nuna gabas, wajen gonarsa. Jaji ya gyara hula, ya ce yana da sauri a kasuwa.

Inno ba ta yi guɗa ba, ba ta da ƙarfinta. Ta zauna daɓas a gefen tabarma, kunya da tausayi suka taru suka danne ta. Ta kai hannu ta share ido, yajin da ke yatsunta ya shiga, ta bar shi yana yi mata zafi.

"Malam," ta ce, "ashe kwana tara kana gaya min."