Ruwan da Bai Kwana Ba

"Keken ɗinkin nan naka tari yake yi, Tela," in ji Mai Agogo.

"Kai ma tari kake, ba a jefar da kai ba. Ka ɗauka ko ka bari?"

Mai Agogo ya sake juya keken, ya saurare shi kamar likita, sannan ya miƙa hannu. Aka shirya: keke nasa, akwatin gilashin da ke shagonsa kuma na Tela, da jajayen kifayen da ke ciki, da ɗan injin da ke hura musu iska.

Duk wanda ya ji sai ya ce Tela ya zautu. Ba su san dalili ba. Tun da ciwo ya shanye wa matarsa ɓarin jiki ta daina magana, daga baya ta daina karɓar abinci. Ran da ya turo ta a kujera mai taya daga asibiti suka tsaya hutawa a shagon Mai Agogo, sai ta kafa wa kifayen ido. Tela ya gutsuri burodi ya sa mata a baki, ta haɗiye ba ta sani ba. Ya ƙara, ta haɗiye.

"Abu ɗaya zan gaya maka," in ji Mai Agogo yana ɗaure akwatin da igiya. "Ruwan famfo akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki. Mu yana mana amfani, su kuwa ƙona musu maƙogwaro yake. Ka tara a bokiti, ka bar shi a buɗe ya kwana ya wuni, har warin ya fita. A buɗe fa! Kuma kaɗan-kaɗan za ka riƙa sauyawa."

"Ruwa ma sai an yi masa lallashi?"

"Ai kai ma da lallashi ka rabu da keken."

Tela ya ajiye akwatin a kan teburin yankan yadi, daidai inda idonta ke kaiwa daga gado. Kullum shi ke nan zaune da kofi da cokali. Kifi ya juya, ta buɗe baki. Har kumatunta suka ɗan ciko. Bokiti kuwa yana bayan ƙofa a buɗe, ba ya ɗiba sai ya kwana.

Sai surukarsa, matar ɗansa, ta zo taya su aiki, mace mai tsafta, wadda ko kofi ba ta bari babu murfi. Tana shara ta ga ruwa a buɗe, ga ƙura ta kwanta a kai, har da ƙwaro yana iyo. Ta zubar, ta ɗauraye bokitin, ta tara sabo daga famfo, ta rufe da faranti. Ba ta faɗa ba, don a wurinta ba abin faɗa ba ne. Da Tela ya dawo ya ga farantin, ya zaci rufewa kawai ta yi. Hancinsa kuma ya daɗe da yin murabus. Ya ga ruwan garau, ya ji daɗi, ya zuba har fiye da yadda ya saba.

Kafin yamma kifayen sun taso sama suna haki. Ya kwashe su da hannu ya rasa inda zai sa su, don duk gidan babu ruwan da ya kwana. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu.

"Baba, wallahi gyara na yi," in ji surukar, tana kuka.

"Na sani, 'yata. Je ki ɗora shayi."

Ya tsaya tsakanin gado da akwatin don kada matarsa ta gani, amma ta riga ta gani. Ya kawo cokali, ta juya fuska wajen bango.

Ya koma wurin Mai Agogo ko akwai saura. Babu. Masu sayar da irinsu suna can tsakiyar gari, kuma su ba sa karɓar almakashi da tef ɗin awo a madadin kuɗi. Ya dawo ya bar injin yana hura kumfa a ruwan da babu komai, ko za ta waiwayo. Ba ta waiwayo ba.

In ana maganar riba, Mai Agogo ne ya ci: 'yarsa ta koyi ɗinki, har kayan makaranta take karɓa. Surukar ba ta yi asarar komai ba sai barcinta. Tela kuwa ba keke, ba kifi, ga shayi yana hucewa a hannunsa.