Ranar da Aka Ɓoye Kwalabe

"Hindatu, ƙaro ruwa." Ya shanye moɗar tun kafin in sake ta.

Na ce, "Malam, tabkin Kalmalo kake son ƙafarwa?"

Ya yi dariya, ya ƙara ɗaure wandon da ya fara yi masa yawa, ya fita.

Mijina Malam Maharazu shi kaɗai ne mai awon fitsari da jini a asibitin Illela, shekarun da aka samu mulkin kai. Yakan zuba wani shuɗin ruwa a fitsari ya dafa a kan fitila. In ya koma ja, mai shi na da ciwon suga. Ran kasuwa mutanen Tozai da Amarawa, har na Ƙonni, sukan jera kwalaben fitsari tun daga tagarsa har gindin darbejiya.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na san ƙishin nan nasa ba na lafiya ba ne. Kullum ina cewa ya auna nasa, kullum amsarsa ɗaya: "Bari in gama da na mutane."

* * *

Sai aka ce wani babba zai zo daga Sakkwato ya ga yawan aikin. In ya ga ya fi ƙarfin mutum ɗaya, za a turo mataimaki. Ranar har waƙa na yi a bakin turmi.

Mai unguwa Dabo ya ji labari. Mutumin nan yana son Malam kamar ɗan cikinsa. Ba tare da ya faɗa masa ba, ya sa aka yi shela kada kowa ya kawo kwalba ranar.

"Mi? Babban baƙo ya taho ya ishe Malaminmu cikin fitsarin gari? Wallahi ba mu kunyata shi!"

Aka share harabar, aka yayyafa ruwa, aka sa turaren wuta. Marasa lafiya suka zauna a gida don kara.

Baƙo ya zo ya tarar da tebur yana ƙyalli. Ya sha fura, ya duba agogo, ya ce, "Ashe Illela kuna da lafiya. Aikin nan bai kai na mutum biyu ba."

Malam ya buɗe baki, Dabo ya ja masa riga. "Haba ɗana, ba a kuka gaban baƙo."

Washegari kwalabe suka wuce darbejiya.

* * *

Malam bai ga girbin shekarar ba. Dabo ne ya fi kowa kuka, shi ya sa har yau na kasa jin haushinsa.

Bayan na gama takaba na je asibiti ɗauko butarsa. A bakin taga, can ƙarshe inda masu zuwa a makare suke ajiye nasu, na ga tsohuwar kwalbar turarensa. Na san ta, ni na saya masa. Fitsarin da ke ciki ya bushe, ba a kai ga dafa shi ba.