Ragon Layyar Maigandi

Lomar tana hannunsa sa'ad da bakinsa ya karkace. Muna zaune a zauren gidansa a Ƙofar Kware, kwanon tuwon shinkafa a tsakaninmu, man shanu ya kwanta a kan miya har yana ƙyalli. Maigandi yana ba ni labarin wani bajimi da ya saya a kara, sai maganar ta narke masa a baki, hannunsa na dama ya zube a kan cinya. Na leƙa cikin gida na kira matarsa Sadiyatu, na fita a guje neman mota.

Ni tela ne, katangarmu ɗaya da shi tun muna samari. Shi kuwa mahauci ne, gadon fawa ya yi. Shekarar ce aka yi ƙarin albashin Udoji, ma'aikata suna sayen nama cinya-cinya, Maigandi yana kayar da shanu biyu a inda da yake kayar da ɗaya. Da tozo yake karya kumallo, da rana ya sha ɓargo, kuma ba ya cin tuwo sai man shanu ya rufe shi. Ubansa haka ya faɗi ya mutu. Wansa Gambo ma haka. Mutanen unguwa suka ce iska ce take bin gidan.

A asibiti wani likita Ba'indiye ya yi mana bayani, nas tana fassarawa. Ya ce a cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da aikinsu shi ne su manne wa juna su tsayar da jini idan mutum ya yanke. Yawan kitsen dabba yana cushe jijiya, yana kuma ƙara wa ƙwayoyin nan danƙo, har su dunƙule a inda babu rauni. Irin wannan gudan ne ya toshe hanyar jini a cikin kan Maigandi, kuma wani yana iya biyo baya. Maigandi ba ya iya magana, amma ya gyaɗa kai. Daga baya ya gaya mini ya gane sarai, don ya sha ganin jini a kwata ya daskare ya koma kamar hanta.

Da muka dawo gida Sadiyatu ta aiko wa matata da ƙwaryar man shanun gaba ɗaya. Ta koma dafa masa kifin Kwalkwalawa da zogale da ɗan man gyaɗa. Abokan sana'arsa suna zuwa dubiya da tozo a ƙunshe, ta karɓa ta yi godiya, ta raba wa maƙwabta. Maigandi ya yi fushi, ya juya fuska bango, ya ƙi cin abinci. Ina daga zaure na ji ta ajiye kwano a gabansa.

"In Gambo kaka so ka bi, ka bi shi," in ji ta. "Amma ba daga tukunyata ba."

Ya ci.

Babbar Sallah ta zo yana zaune a tabarma, ɗansa Siddiƙu ya yanka masa rago. Mutumin da ya yi wa rabin unguwa yanka yana kallo, hawaye yana bin kumatunsa. Da mutane suka watse ya jawo rigata da hannun hagu, ya yi ta fama da harshensa har maganar ta fito: baɗi shi zai yanka.

Na ɗinka masa ƙwallo da guntayen ƙyalle, ya riƙa matsawa da mataccen hannun. Da farko yatsun ko motsi ba sa yi. Ya fara takawa da sanda zuwa bakin lungu, daga nan masallaci, kafin damina ya kai Hubbare ya dawo da ƙafarsa. Tumbin ya sauka, sai da na rage masa wandunansa duka. Wata safiya na ji ƙarar dutsen wasa wuƙa ta bayan katanga, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba.

Shekara ta zagayo. Ranar Sallah, da aka sauko daga idi, ƙofar gidansa ta cika. Siddiƙu ya kayar da ragon ya danne, yana satar kallon ubansa, don ya ga wuƙar tana rawa. Ya ce masa a hankali ko ya kama masa hannu. Maigandi ya girgiza kai. Ya miƙo mini sandarsa, ya durƙusa, ya yi bisimilla da kabbara da murya garau, ya ja wuƙa sau ɗaya. Daga cikin gida Sadiyatu ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa mata har gidana.

Bai tashi ba sai da ya feɗe ragon da kansa, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Aka gasa hanta ya ci yanka guda. Sannan ya tara 'ya'yansa, ya nuna musu kitsen da ke cikin daro.

"Ba iska na ba," ya ce. "Wanga na yak kashe tsohona, yak kashe Gambo. Ku ci, amma ku ci kaɗan."

Naman Sallah bai ƙare a gidaje ba, muna hira da hantsi, ya ce kansa ya yi nauyi. Ya tashi ya shiga ɗaki da ƙafarsa, ya kwanta. Sadiyatu ta ce da kansa ya yi kalmar shahada, kowane harafi ya fita. Mahautan garin nan sun rufe rumfunansu, suka riƙa karɓar makara daga kafaɗa zuwa kafaɗa har maƙabarta.

Bayan an watse daga zaman makoki wani dillalin fata ya biyo ta lungunmu. Ya tsuguna ya duba fatar ragon da ke shanye a gindin katanga, ya shafa ta ciki da waje, bai sami inda wuƙa ta taɓa ba. Ya tambayi wanda ya feɗe ta. Siddiƙu ya ce tsohonsa ne, kuma ba ta sayarwa ba ce. Mutumin ya yi addu'a ya wuce.

Siddiƙu ya ja fatar zuwa inda rana ta koma, ya ɗora duwatsu a gefunanta, ya shiga gida.