Soson Tabarau

Ajin Madam Najaha ne na ƙarshe da zai shiga ɗakin tarihin Matameye ranar Laraba. Ɗalibanta 'yan ajin ƙarshe ne a kwalej, jarrabawar BEPC ta kammala kwalej ta matso, kuma babu inda suke faɗuwa kamar wurin lissafa abin da tulu ko rumbu zai ci. Shi ya sa ta amsa gayyatar da aka yi wa makarantu.

Ɗakin ƙarami ne, rufin kwano, taga ɗaya. A ciki akwai tuluna, tsofaffin ƙore, malfa da ɗan rumbun ƙasa da aka gina a tsakiya. Wani furoje, wato shirin tallafi, daga Damagaram ne ya kawo manyan tabarau goma masu ɗauri a ƙeya. Wanda ya sa zai ga ɗakin yadda yake, sai dai layukan haske za su zagaye rumbun, su nuna tsawonsa da faɗinsa, gero ya riƙa zuba a ciki tiya bayan tiya. Duk masu tabarau abu ɗaya suke gani lokaci guda, in ɗaya ya ja layi sauran su gan shi.

Abdulrazak, jami'in furojen, wanda ake kira Mushe, wato malam da Faransanci, ya yi wannan bayani a bakin ƙofa yayin da wani ajin firamare ke fitowa. Madam Najaha ba ta saurare shi sosai ba. Idanun yaran take kallo. Ta ga ja a idon wannan, ta ga na wancan ya kumbura, wata yarinya kuma tana murza nata da gefen hijabi. Ciwon idon da ake kira Apolo ya shiga gari tun bayan salla.

Ta shiga ta ɗauki tabarau ɗaya daga kan tebur, ta juya shi. Soson da ke kwanciya a fuska ya jiƙe sharkaf da zufa. Tozali ya yi masa baƙin zobe, man shafawa ya daskare a gefe, kuma a lungun da ke taɓa ido akwai kwantsa, wata ta bushe, wata ba ta bushe ba. Wari yake yi kamar hular da aka manta a jaka. Na biyu ma haka. A ƙarƙashin teburin akwai tsumma ɗaya, shi ake goge duka da shi tun safe.

Ta tambayi Abdulrazak ko akwai wani soso. Ya ce akwai, an baro su a Damagaram. Ta ce to a wanke waɗannan da sabulu, ajinta ya dawo gobe. Ya ce gobe suna garin Kance, kuma rahotonsa na buƙatar hoton manyan ɗalibai sanye da tabarau, don ƙanana ba su gane darasin ba. Ya ƙara da cewa a ƙasashen da aka ƙera na'urar yara dubbai ke sawa, babu wanda ya makance.

Ɗaliban sun fara turereniya a bayanta. Ilham, wadda ta fi kowa lissafi a ajin, ta riga ta miƙa hannu.

Madam Najaha ta zaɓi tabarau mafi jiƙa, ta miƙa wa Abdulrazak da hannu biyu, yadda ake miƙa wa baƙo ruwa.

"Mushe, a nan baƙo ke farawa. Sa ka nuna musu."

Ya yi dariya, ya ce shi ai daga kwamfuta yake sarrafawa.

"Kwamfutar ba za ta gudu ba. Sa."

Ya karɓa ta igiya, da yatsu biyu. Ya leƙa cikin soson. Ya ɗaga shi har kusa da hancinsa, ya tsaya, sannan ya mayar kan tebur ya goge yatsunsa a wando. Wani ɗalibi a baya ya ce mushe na tsoron gero.

Ta umarci ajin su fita. Suka fita suna gunaguni. Abdulrazak ya biyo ta yana cewa zai sanar da daraktan kwalej cewa ta hana ɗalibai ci gaba. Ta ce ya sanar, ya haɗa da hoton tsumman.

Sai da ta ƙirga su a waje ta ga babu Salim. Ta koma. Yana tsaye gaban rumbun, tabarau a fuska, yana jan layi a iska, bakinsa a buɗe. Ta cire masa. Tozalin wata ya zauna masa a ƙasan ido.

"Madam, wallahi na gane," in ji shi. "Faɗin gindi ne sau tsawo."

Ta ce haka ne. Ta kai shi wurin buta, ta sayi sabulu a teburin mai shayi, ta tsaya a kansa ya wanke fuska har sai da ya ce idonsa na yaji. Ta gaya masa daga gobe shi kaɗai zai zauna a bencin baya, kuma kada kowa ya ari biro ɗinsa.

Sannan ta wanke nata hannun.