Abokin Hirar Tsohuwa

Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa, kuma ba wanda nake jin haushi kamar kaina.

Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri a falo. A cikinsa akwai murjani mai rai, halittar nan ta ƙarƙashin teku, irin mai laushin nan da ke rausaya in ruwa ya kaɗa shi. Tsohuwa nake ce mata. Yayata ce ta yanko mini ita daga nata tankin, ɗan guntu bai fi kan yatsa ba, wata biyu kafin Allah ya yi mata rasuwa. Shekara takwas ina renonta har ta kai faɗin faranti. Da aka raba kayan Yaya ban ɗauki ko tsinke ba, wannan ta ishe ni.

Bana sai na yi sha'awar ƙara murjani mai ƙashi, wato mai tauri kamar dutse. Ban yi garaje ba. Wata uku ina zarya shagon masu kifin ado, har mai shagon ya fara ɓuya in ya hango ni. Shi ya ce in zaɓi mai juriya, wanda ba ya laulayi in ruwa ya ɗan canza, kuma mai gajerun hannuwa. Masu dogayen hannu, in ji shi, da an kashe fitilar tanki suke miƙa su suna harbin duk abin da ke kusa. Ya ce in ajiye shi nesa da Tsohuwa, aƙalla taƙi biyu.

Tsautsayi ya sa na yi zancen a gaban surukina. Baba, mahaifin maigidana, ya zo ganin likitan ido, zai yi mako guda a wurinmu. Washegari sai ga shi da leda cike da ruwa, da murjani a ciki, baki har kunne. Ya je wani shagon daban ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne kyau. Su kuwa marasa tsoron Allah ko tambayarsa me ke cikin tankin ba su yi ba. Kore shar, hannuwa zaƙo-zaƙo, ainihin wanda aka ce in guje wa.

Kafin in yi magana ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu, ya dasa shi dab da Tsohuwa.

"Ga abokin hira na kawo mata," in ji shi. "Zaman kaɗaici ba daɗi, ɗiyata. Tun da uwar mijinki ta rasu na san haka."

To me zan ce? Na durƙusa na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Ni da bakina!

Na ja maigidan zuwa kicin na ce ya yi wa mahaifinsa bayani. Ya ce, "Haba, kwana shida ne fa. Dutse ne zai cinye ta? Kada ki karya wa tsoho zuciya." Ya ɗauki makullin motarsa ya fice. Lallai ciwon da ba a jikinka yake ba, daɗin jinya gare shi.

Da Baba ya shiga wanka na matsar da koren can gefe. Yana fitowa ya kara fuska a gilashi ya ce, "Af, ruwa ya ture shi," ya mayar da shi. Sau biyu muna haka. Kullum da safe sai in tarar gefen Tsohuwa ya ƙara ƙonewa, ya yi fari, yana saɓulewa. Baba kuwa idonsa bai kai nan ba. Yana kan kujera yana musu kirari, ni ina kawo masa ruwa ina murmushi kamar wata sakarya.

Rana ta huɗu na ji falon yana wari. Tsohuwa ta langaɓe, fiye da rabinta ya narke. Ban san lokacin da na tsoma hannu har kafaɗa na fizgo koren na jefa a bokiti ba.

"Lafiya?" in ji Baba.

"Ina fa lafiya! Kashe ta yake yi, Baba! Harbinta yake tun ranar da ka sa shi, kuma ita kaɗai ta rage mini daga Yayata!"

Na jira ya ce na yi masa rashin kunya.

"Tun ranar farko kin san haka?"

"Na sani."

"Kika bar ni ina kashe miki abin 'yar'uwarki, kina ce mini Allah ya saka da alheri?" in ji shi a fusace. "Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Shekara goma sha biyu ina ce miki ɗiyata, ashe ni baƙo ne a wurinki."

Ya tashi yana lalube ya shige ɗaki, ya ja ƙofa.

Na ɗauko reza na zauna a gaban tankin ina kuka, ina yanke ruɓaɓɓen nama, ina neman inda ke da sauran rai. Na yanka, na yanka. Abin da ya tsira bai fi kan yatsa ba.