Kajin Iya Folake Ba Su San Hanyar Akurki Ba

Masu sayen kaji a garin Saki sun ishi Iya Folake da ƙorafi. Wai naman kajin turawanta ya cika laushi, tun miyar amala ba ta nuna ba yake narkewa a tukunya. Su naman da zai yi gardama da haƙori suke so.

Sai ta buɗe akurki, ta kai kwanon dusa can gindin ayaba a ƙarshen gida, don dole kajin su taka ƙasa jikinsu ya yi ƙwari. Da safe yunwa kan kora su, su tafi suna rangaji kamar masu tsohon ciki. Amma da sun ƙoshi, nan suke zubewa. Kazar gida ta san magariba, ta san makwancinta. Waɗannan kuwa a kwali aka kawo su, babu uwar da ta koya musu komowa.

Kullum da yamma Iya Folake ke kwaso su bibbiyu a hammata, kaji arba'in, sawu ashirin, gwiwa tana ƙara.

Mijinta yana zaune bakin ƙofa yana ɓare agushi, ya ce, "Iya Folake, wai wa ke kiwon wani a gidan nan?"

"Da ka tashi ka ɗauki biyu, da ka sani."

Ranar kasuwa wata mai sayar da abinci ta latsa cinyar kaza, ta taɓe baki. "Har yanzu luɓus take, Iya." Sannan ta dubi damtsen Iya Folake. "Ke dai kin yi ƙwari."