Ramin da Aka Ɗiga wa Jan Farce

"Ke, tsaya! Kin sa harsashi a rami mai jan!"

Orval Tuckett ya zabura daga kan kututturen da yake zaune a bayan gida, har kofi ya zube masa a wando. Matarsa Nadine ko waiwaye ba ta yi ba. Ta gyara tsayuwa, ta ɗana bindigar da babban yatsa, ta ja kunama. Ta sake ɗanawa, ta sake harbi, har harsashi biyar suka ƙare. Da suka isa gaban takardar da ke manne a jikin damin ciyawa, sai ga huda biyar a cure wuri guda, murfin kwalba ma zai rufe su.

"To, maigida, me ka ce ɗazu?" ta tambaya tana murmushi.

Bindigar irin ta makiyayan zamanin da ce, mai ramuka shida a gidan harsashi, kuma duk mai hankali a wannan yanki na Wyoming biyar yake cikawa, ya bar ɗaya fanko don gudun tsautsayi. Ta Nadine tun daga masana'anta ta zo da rami ɗaya matsattse, wanda yake jefa harsashi gefe. Orval ne ya gano shi tun shekarun baya, ya ɗiga masa jan farcenta, ya ce shi za ta riƙa bari fanko. Ta tambaye shi ko zai gyaru, ya ce ba ya gyaruwa. Gaskiyar magana kuwa yana gyaruwa, sai dai aiki ne da bai kai kaurin silin gashi ba, shi kuma tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa, ga tsoron kada ya zarce ya lalata mata abu. Yau ga mai jan ya harba daidai da 'yan uwansa.

"Kawo in share miki ita kafin mu tafi gasar harbin," in ji shi.

"A share take."

"Kawo dai."

Ya shiga shagonsa na gyaran bindiga da ke jikin gidan, ya turo ƙofa. Ya cire gidan harsashin, ya ɗauko ƙusar awo ya zura a rami na farko. Ta wuce sumul, ba matsi ba lilo. Haka na biyu, haka na uku, har na shida, duk bakinsu ɗaya. Ya ɗaga shi sama ya leƙa a hasken taga, ko ƙarzanen kayan aiki babu. Nan kishi ya turnuƙe shi, har wuyansa ya yi zafi. Ai ba sai an faɗa masa ba. Mutum ɗaya ne a duk gundumar nan yake aiki da tsabta haka, wato Isidro Baca, mai shago a bakin gada, wanda ya riga Orval zuwa zance wurin Nadine tun suna samari, kuma har yau in ya gan ta sai ya cire hula.

Ta tura ƙofa ta shigo, ta sha doguwar riga da hular gasa.

"Yaushe kika je wurinsa?"

"Ranar da ka kai shanun maƙwabcinmu Purdy asibitin dabbobi."

"Kika ce mini coci za ki."

"Na je cocin. Hanya ɗaya ce."

"Sannu, mai ibada! Kin ɗauki bindigar da na yi renonta da hannuna kin miƙa wa ƙato ya buɗe cikinta. Ya ba ki kujera? Ya dafa miki kofi?"

"Har da biskit," in ji ta. "Orval, ka ji kanka kuwa? Jikokinmu huɗu."

"Shi ma ai ya san lissafin."

Ta daina murmushi. "Shekara nawa ina zuwa ta biyu a gasar nan? Ba mai jan kaɗai ba ne, akwai wani ma da ya ɗan matse, kai ma ka sani. Idona ya fara hazo, bana ce ta ƙarshe. Ban so in sa ka ka ce ba za ka iya ba, shi ya sa ban tambaye ka ba. In ba ka so in tafi da ita, ga ta nan a hannunka."

Ta fita. Ya daɗe a tsaye, magagari na kan teburi kusa da hannunsa, ya san goga ɗaya ya isa ya mayar da aikin Isidro banza, kuma ba wanda zai taɓa sani. Tunanin ya yi masa daɗi, ba ƙarya. Amma ya mayar da gidan harsashin, ya goge bindigar, ya fito ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. A cikin a-kori-kura har filin baje kolin shanu rediyo ne kawai yake magana.

Filin ya cika da manyan huluna da hayaƙin gasasshen nama. Orval ya jingina da shinge yana harare-harare, bai daɗe ba ya hango Isidro a ɗaya gefen, da farar rigarsa a goge kamar mai zuwa biki. Da aka kira Nadine, faya-fayan ƙarfen da ake harbi suka yi ta ƙara ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuskure ko guda ba. Kowace ƙara Orval ya ji ta iri biyu, ga murna ga baƙin ciki, kuma duk harbi sai ya saci kallon Isidro ya ga ko yana tafi. Yana tafi kuwa, har da gyaɗa kai.

Da aka sanar ita ce ta ɗaya, mutane suka yi caa a kan Orval. Wannan ya bubbuga masa kafaɗa, wancan ya ce, "Tsoho, ashe da sauranka!" Kafin ya buɗe baki sai ga Isidro ya ratso jama'a ya miƙo masa hannu.

"Aiki ya yi kyau, Orval," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Hannunka bai tsufa ba."

Orval ya dubi fuskarsa yana neman ba'a, bai samu ba. Ya waiwaya ya ga Nadine rungume da kofin nasara tana kallonsu, sai ta sunkuyar da kai. Nan ya gane ita ta roƙi Isidro ya faɗi haka. Wato su biyu sun zauna, da kofi da biskit, sun shirya yadda za su rufa masa asiri. Wannan ya fi masa ciwo fiye da gyaran bindigar.

Ana cikin haka Dewey Purdy, wanda bai daɗe da aure ba, ya matso da amaryarsa a gefe, ya miƙo tasa bindigar, mariƙi a gaba.

"Kawu Orval, don Allah ka yi mini irin ta Inna Nadine. Tawa rami biyu ne suke wasa da ni."

Orval ya karɓa, ya juya gidan harsashin a hankali, yana jin idon Isidro da na Nadine a kansa. Bindigar tana ɗan kaɗawa a hannunsa. Ya mayar wa Dewey abinsa, ya nuna Isidro da haɓa.

"Ga mai aikin nan. Shi ya yi ta Nadine, ba ni ba."

Orval ya gyara hularsa, ya kama hanyar mota, sannan ya juyo.

"Dewey. In za ka kai, ka kai da kanka. Kada ka aiki matarka."